Tsakanin digiri 2 da digiri 8: shaidar ma'ajin alluran rigakafi

Shekarun aikina gaba ɗaya sun tafi ne a tsakanin digiri 2 da digiri 8 na ma'aunin zafi. A nan ake so yawancin alluran rigakafi su zauna, tun daga ranar da suka bar babban sito har zuwa lokacin da za a zuƙe su a sirinji. Mu masu riƙe da mabuɗin firji ba likitoci ba ne, ba ma duba marar lafiya, ba ma rubuta magani. Namu shi ne mu ga cewa abin da ke cikin kwalba ya isa jikin yaro da ransa. Na kama aikin a zamanin firjin kananzir, na ajiye shi a zamanin da firji ke tura saƙo ta waya da kansa. Shaidar da zan bayar a kan abin da ya sauya ne a tsakanin nan, da kuma abin da ya ƙi sauyawa.

Allurar da ta lalace ba ta nunawa. Ba ta wari, ruwanta ba ya canza launi, kwalbar tana nan tsaf da tambarinta. Za a yi wa yaro, ya yi kukansa, a cike masa kati, a sa shi cikin rahoton wata, rahoto ya hau sama a ce an kai kashi 90 cikin 100. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu ƙyanda ta shigo ta kwantar da yaran da katinsu ya nuna an yi musu. Daga nan iyaye su ce rigakafin ƙarya ne, kai kuma ba ka da bakin musa musu, domin abin da idonsu ya gani ke nan. Ko lafiyayyar allurar ƙyanda, idan an yi ta a wata 9, kusan yara 85 cikin 100 take karewa, dalilin ke nan da aka ƙara ta biyu. To ina ga wadda ta sha rana a hanya? Hukumomi suna auna ƙoƙarin tsarin lafiya da yawan allurar da aka tsira wa yara, alhali yawan wadda ta yi aiki shi ne magana. Giɓin da ke tsakani yana cikin firji da cikin kular ɗaukar allura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin faɗaɗa rigakafi a 1974, an sa cututtuka shida a gaba: tarin fuka, shan inna, ƙyanda, mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙe-haƙora. Shirin ya shiga wuraren da babu lantarki, saboda haka firjin da ya ɗauki nauyinsa shekara da shekaru shi ne mai aiki da kananzir ko gas. Ba shi da inji, ba ya ƙara. Wata 'yar fitila ce a ƙasansa take ɗumama ruwan amoniya, ruwan ya zagaya cikin bututu yana janye zafin ciki. Duk lafiyar firjin tana kan harshen wutar nan. Shuɗi ake so, tsayayye, ba ya rawa. Da ka ga ya koma ruwan ɗorawa yana hayaƙi, to ɗayan uku ne: ko lagwani ya ci ya karkace, ko kananzir ɗin da ruwa a ciki, ko bututun hayaƙi ya cika da kunkunniya. Sai a kashe, a bari ya huce, a datse lagwani ya miƙe daidai, a zare ƙarfen da ke cikin bututu a goge da buroshi, a tace kananzir kafin a zuba. Dole kuma firjin ya zauna daram a ƙasa. In ya jirkice ko kaɗan, ruwan ba ya zagayawa yadda ya kamata, sai ka ga wuta na ci amma ciki ba sanyi. Ƙanƙarar da ke taruwa a jikin ƙarfen sanyi ita ma in kaurinta ya wuce milimita 5 sai an narkar da ita, don tana toshe sanyin ne.

Irin na kananzir ba shi da abin daidaita sanyi, hannun ma'aikaci ne kawai. Da rana a ɗaga wuta, da dare a rage. In aka ɗaga aka tafi gida a daren da gari ya yi sanyi, da safe sai a tarar da ma'auni ya faɗi ƙasa da sifili. A wancan zamani ba a ɗauki wannan a bakin komai ba. Horon da aka ba ma'aikata duk a kan tsoron zafi ne, saboda haka kowa ya ɗauka gwargwadon sanyin firji, gwargwadon kyan aiki. Ashe an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Ga dalili. Alluran da suke zuwa a ruwa, irin su Penta mai rigakafin cututtuka biyar a haɗe, da ta ciwon hanta, da ta sarƙe-haƙora, da ta namoniya, da ta sankarar bakin mahaifa, an haɗa su ne da wani gishirin alminiyom wanda ke riƙe sinadarin rigakafin yana ƙara masa ƙarfi a jiki. Da zarar ruwan ya daskare, wannan haɗi ya wargaje, kuma narkewa ba ta mayar da shi. Ta ciwon hanta tana daskarewa tun daga rabin digiri ƙasa da sifili. Allurar shan inna ta sirinji ba ta da alminiyom, amma ita ma daskarewa na kashe ta. Wadda ake ɗigawa a baki kuwa akasin haka ce, a manyan sitoci cikin firiza ake ajiye ta, zafi ne babban maƙiyinta. Firji ɗaya, kaya iri biyu masu buƙata daban.

Inda aka fi yin ɓarnar daskarewa shi ne cikin kular da ake fita da ita aikin ƙauye. Robar ƙanƙara tana fitowa daga firiza a digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye. In aka jera guda huɗu a kula nan take aka zuba kwalaben Penta a tsakiya, kafin a isa wurin aiki an gama da su. Ƙa'idar ita ce a fito da robobin a shimfiɗa a kan tebur, a bar tazarar kamar santimita 5 tsakaninsu, a jira har gumi ya keto musu. Sannan a ɗaga kowace a girgiza a kunne. In ka ji ƙanƙarar na motsi tana kaɗawa cikin ruwa, ta yi. In shiru, a mayar kan tebur. Yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, wani lokaci fiye, kuma wannan jiran ne ake tsallakewa idan mota ta tsaya a ƙofa tana hon. Wanda yake son aikin ya yi kyau, robobin yake fara fitarwa kafin ya taɓa rajista. A wurin aiki kuma kwalbar da aka buɗe a cikin tsagar soson da ke bakin kula take zama. Ba a ɗora ta kan ƙanƙara, ba a tsoma ta cikin ruwan da ya narke, domin ruwan na ɓata bakin robar da allura ke hudawa, yana kuma ɓanɓare tambari.

Idan ana zargin kaya sun daskare amma ba a same su a daskare ba, akwai gwajin girgiza. Za ka ɗauki kwalba ɗaya daga kamfani ɗaya da lambar rukuni ɗaya da waɗanda ake zargi, ka sa ta a firiza da gangan na aƙalla awa 10 har ta zama dutse, ka bari ta narke da kanta, ka rubuta a jikinta cewa daskararriya ce don kada wani ya yi amfani da ita. Sai ka haɗa ta a hannu ɗaya da wadda ake zargi, ka girgiza da ƙarfi daƙiƙa 10 zuwa 15, ka ajiye su gefe da gefe a kan tebur inda haske ke ratsa su ta baya, ka zauna ka zuba ido har zuwa minti 10. Wadda ka daskarar za ta fara washewa daga sama, wasu 'yan gudaji suna gangarawa ƙasa da sauri. In ɗayar ta tsaya a gauraye, fari-fari, tana kwantawa a hankali, lafiyarta ƙalau. In kuwa sun kwanta tare, ko ma ta riga waccan, an yi asarar rukunin. Gwajin yana aiki ne kawai a kan masu alminiyom. A kan allurar shan inna ta sirinji ba ya nuna komai.

Ta fuskar zafi, sauƙin da muka samu ya zo a 1996, lokacin da aka fara manna tambarin VVM, mai nuna zafin da kwalba ta sha, a kwalaben maganin shan inna na baki, daga baya ya bazu zuwa sauran. Da'ira ce mai duhu da ɗan murabba'i mai haske a tsakiya. Duk zafin da kwalba ta sha, murabba'in na ƙara duhu, kuma ba ya komawa. Muddin ya fi da'irar haske ana amfani da ita. Ranar da launinsu ya zo ɗaya, ko ya fi ta duhu, an jefar, ko da wa'adinta da saura shekara. A ganina babu wata fasaha da ta shigo aikin nan da ta kai wannan 'yar takarda albarka. Ba ta cin batir, ba ta neman sabis, wanda bai yi zurfin karatu ba ma yana karanta ta cikin daƙiƙa. Ta kuma ceci kaya masu yawa da a da ake zubarwa saboda kawai firji ya mutu dare ɗaya. Sai dai a riƙe abu biyu: ba ta nuna daskarewa sam, kuma inda aka manna ta yana da ma'ana. In tana jikin tambarin kwalba, ana iya ci gaba da amfani da kwalbar da aka buɗe har kwana 28, matuƙar an kiyaye sanyi da tsabta kuma wa'adi bai ƙare ba. In tana kan murfi, da an buɗe sai a yi aiki da ita cikin awa 6 ko zuwa ƙarshen zaman ranar, duk wanda ya riga zuwa.

Wannan ƙa'idar ta awa 6 ita ce ta BCG (ta tarin fuka) da ƙyanda da ciwon shawara, masu zuwa a gari sai an haɗa da ruwa. Ba su da sinadarin hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, don haka kwalbar da aka haɗa jiya guba ce yau. Ruwan haɗin dole ya zama na kamfanin da ya yi allurar, a sa shi a firji aƙalla awa 24 kafin aiki don kada ɗuminsa ya raunana ta, kuma ba a daskarar da shi don kwalbar na iya tsagewa. Dokar da ta hana ajiye wani magani a firjin rigakafi, wasu na ganinta takurawa ce. A watan Yulin 2018 a ƙasar Samowa jarirai biyu sun rasu bayan an haɗa musu allurar ƙyanda da maganin sassauta tsoka a maimakon ruwan haɗi. An dakatar da shirin na watanni, iyaye suka ja baya, a ƙarshen 2019 ƙyanda ta ɓarke ta kashe mutum 83, akasarinsu ƙananan yara. Kwalaben sukan yi kama da juna, hannu kuma yana sauri idan layi ya yi tsawo.

Da lantarki ya fara isa cibiyoyi, an yi ta sayen firjin gida, wanda ba don wannan aiki aka ƙera shi ba. Kusa da ƙarfen sanyi yana daskarar da kaya, ƙofarsa kuma ɗumi gare ta, in wuta ta ɗauke cikin 'yan awoyi ya saki. Wanda ya dace shi ne mai buɗewa ta sama da aka kewaye bangonsa da ruwa mai daskarewa, wanda wutar awa 8 a yini ke isar sa. Shi ma da sharaɗi: a jera kaya cikin kwandunansa, masu tsoron daskarewa a sama, kada kwali ya taɓa bango ko ƙasa, a bar wurin da iska za ta bi. Kuma a sa masa sitabilaiza nasa shi kaɗai. Na ga injinan firji da yawa da suka ƙone, kuma mafi yawansu hawa da saukar wuta ne ya kashe su tun ba su tsufa ba.

Sola ta zo da murna, ta farkon kuwa ta bar baƙin ciki. Firjin yana dogara da batura, batura kuma shekara 3 zuwa 5 suke yi ko da an kula da su. Wanda ya ba da kyautar firji ya tafi, babu wanda ya sa kuɗin sabon batir a kasafi. A wasu wuraren ana jona wa batirin fitilu da cajin waya har ya ƙone kafin lokacinsa. Duk wanda ya zagaya cibiyoyin karkara a shekarun nan ya ga firji lafiyayye an mai da shi akwatin ajiye takardu. Maganin da aka samo shi ne firjin sola marar batir: rana na fitowa inji ya tashi kai tsaye daga faranti, ya tara sanyi a cikin ƙanƙarar da ke bangonsa, ita ce ke riƙe kaya da dare da ranakun hadari. Tun wajen 2016 ƙawancen Gavi mai tallafa wa rigakafi a duniya ya buɗe wani asusu na musamman da ya taimaka wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sayen irinsa, tare da sharaɗin kamfani ya girka ya kuma horar da masu amfani. An ci gaba ƙwarai. Amma har shi yana da abubuwan da ke kayar da shi, kuma ƙanana ne. Ƙura ta lulluɓe faranti, wutar da yake bayarwa ta ragu. Bishiyar da take 'yar ƙarama ranar girki ta girma ta yi inuwa. Ɓera ya ci waya. Robar bakin murfi ta saki. Faranti da sassafe ake wanke shi, da ruwa da tsumma mai laushi, tun bai ɗau zafi ba. Robar murfi kuma a saka takarda a rufe a ja. In ta zare ba gardama, iska na shiga. Sauran gyara na mai gyara ne, to a nan gizo ke saƙa, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ke da cibiyoyi masu ɗimbin yawa, ba shi da abin hawa, kayan gyara kuma sai an yi odarsu daga wata ƙasa.

A jikin kowane firji akwai takardar da ake rubuta ma'auni safe da yamma, har ranakun hutu. Duk mai duba aiki ya san irin takardar da ake cikewa rana ɗaya: biro ɗaya, hannu ɗaya, 5, 5, 5 daga farkon wata zuwa ƙarshe. Firji na gaskiya ba ya haka, yana hawa yana sauka. Na'urar kwana 30 da ake ajiyewa a tsakiyar kaya ta rage wannan wasa, don tana naɗar ma'auni da kanta dare da rana. Tana nuna alamar haɗari idan zafi ya wuce digiri 8 na awa 10 a jere, ko sanyi ya wuce rabin digiri ƙasa da sifili na minti 60. Da aka fara raba ta ne mutane da yawa suka gane cewa firjin da suke yabo yana daskarar da kaya da asuba, lokacin da ba kowa a wurin. Bayanta aka kawo masu layin waya, suna tura ma'auni zuwa allon kwamfuta a hedikwata, suna aika saƙo ga ma'aikaci in an fita ƙa'ida.

Nan ne na fi son masu tsara manufofi su saurara. Na'ura tana faɗar cewa firji ya mutu, iyakarta ke nan. Saƙo ya shigo ƙarfe biyun dare a ƙarshen mako. Mabuɗi yana hannun wa? Akwai robobin ƙanƙara a shirye? Wane firji ne mafi kusa, kuma akwai wuri a cikinsa? Wa zai biya kuɗin man kai kayan? In ba a amsa waɗannan tun kafin ranar ba, saƙon bai ƙara komai ba sai shaidar asara. Kowace cibiya na buƙatar takarda ɗaya manne a bango mai ɗauke da wannan tsari da lambobin waɗanda za a kira. Matakin farko kada a yi ta buɗe firjin ana leƙawa, don rufaffen firji mai kewayen ƙanƙara yana riƙe sanyi fiye da yini. In ma'auni ya doshi 8, a kwashe kaya zuwa babban akwatin sanyi da robobin da aka narkar yadda na faɗa, a sa na'urar ma'auni tare da su, a rubuta lokaci, a duba tambarin zafi na kowane kwali kafin a mayar. Akwai kuma wata cuta da na'urorin suka zo da ita: in saƙo ya yi yawa, kowace buɗe murfi waya ta yi ƙara, mutane sukan daina dubawa. Wasu kuma layinsu ya mutu don kuɗin sabis na shekara ya ƙare, allon hedikwata ya yi shiru, a ɗauka lafiya ce.

Lissafi ma haka. Manhajar DHIS2, wadda ta samo asali daga Jami'ar Oslo, ƙasashe fiye da 70 ke tattara rahoton lafiya da ita, kuma ta sa abin da a da ke ɗaukar watanni yana isa cikin kwanaki. Amma abin da aka zuba mata shi take nunawa. Adadin yaran da ake sa ran yi wa allura ana ƙiyasta shi ne daga tsohuwar ƙidaya, shi ya sa za ka ga wata gunduma ta kai kashi 120 cikin 100, maƙwabciyarta na kashi 40. Inda kuma ake tsawata wa ma'aikaci a bainar jama'a don lambarsa ta yi ƙasa, wata mai zuwa lambar za ta tashi ko yaran ba su ƙaru ba. Ma'aji yana da hanyar gane gaskiya da ba ta buƙatar kwamfuta: a kwatanta allurar da aka ce an yi da kwalaben da suka fita daga firji da sirinjin da aka ɗiba. Wanda ya karɓi kwalba 20 mai ɗaukar yara 10 ba zai yi wa yara 260 ba. Lambar da na fi yarda da ita ita ce ta waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba: a cire masu Penta ta uku daga masu ta farko, a raba da masu ta farko, a ninka da 100. In ta haura 10, iyaye suna zuwa amma wani abu na korar su, ko dogon jira, ko faɗa, ko a ce musu kaya sun ƙare. Wannan daban yake da matsalar yaran da ba a taɓa yi musu ko ɗaya ba, waɗanda ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya kai miliyan 14.5 a 2023. Su sai an je inda suke.

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin teburin allura: "Maman yaro, ki yi haƙuri ki dawo ranar da aka taru, ba za mu buɗe kwalba don mutum ɗaya ba." Mai faɗar haka ba mugunta take yi ba. Kwalbar ƙyanda ta yara 10 ce, ta BCG ta 20, in ta buɗe don ɗaya sauran sun tafi bayan awa 6, ita kuma an taɓa tuhumarta a kan asara. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya, saboda uwar da ta yi tafiyar awa biyu aka mayar da ita ba lallai ta dawo ba. Amma ƙa'ida ba ta aiki sai an sa asarar cikin lissafin oda tun farko. In ana sa ran rabi zai zube, kamar yadda ake yi wa BCG, sai a ninka buƙata biyu. In kashi 25 ne, a ninka da 1.33. Asarar kwalbar da aka buɗe don yaro halas ce. Wadda ya kamata a tuhumi mutum a kai ita ce ta rufaffiyar kwalba da ta daskare, ko ta sha zafi, ko wa'adinta ya ƙare a bayan firji don ba a fara fitar da mai kusan ƙarewa ba. Kwalba mai ɗaukar yara 5 da wasu ƙasashe suka koma wa ta rage wannan fargaba, ko da yake tana cin wuri.

Duk waɗannan suna komawa kan kuɗin yau da kullum. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kaɗan ne suka cika. Ko inda aka ware, sakin kuɗin a kan lokaci wani abu ne daban. Masu ba da agaji suna son sayen abin da za a ɗauki hotonsa: firji, mota, gini. Mai, da taya, da robar murfi, da alawus ɗin mai gyara, an bar wa ƙaramar hukumar da ba ta da su. Fita aikin ƙauye shi ne abu na farko da ke tsayawa idan kuɗi ya makara, kuma yaran nesa ne ke biya.

Cikin sababbin abubuwa, waɗanda suka fi burge ni su ne masu rage dogaro ga ƙwazon mutum ɗaya. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac, da aka fara a Burkina Faso a ƙarshen 2010, ta samu izini a 2012 na zama har kwana 4 a zafin da bai wuce digiri 40 ba, aka fara aiki da hakan a Jamhuriyar Benin. Ma'aikaci ya fita ba ƙanƙara, ba fargabar daskarewa. Akwai kuma kuloli masu shinge tsakanin ƙanƙara da kwalabe, waɗanda ko an zuba roba kai tsaye daga firiza ba sa daskarar da kaya. Jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi sun fara kai jini a Ruwanda a 2016, suka fara kai alluran rigakafi a Gana a 2019. Suna da amfani inda ruwa ke yanke hanya, ko cibiyar da ba ta da firji, amma nauyin da suke ɗauka kaɗan ne, kuma sai akwai mai karɓa da mai yin allurar a ƙasa. Firizojin digiri 70 ƙasa da sifili da aka saya a guje lokacin korona saboda allurar Pfizer, su kuwa ba su da wani aiki a rigakafin yara na yau da kullum, ga cin wuta. An kuma gwada wani ɗan manne mai ƙananan ƙayoyi a Gambiya, wanda ake liƙa wa yaro a fata a madadin allurar ƙyanda, sakamakon farko ya yi kyau. In ya tabbata, ruwan haɗi da sirinji da dokar awa 6 duk sun fita daga lissafi.

Abin da ke gaban masu aikin yanzu shi ne wuri. Firjin da aka auna don cututtuka shida yau yana ɗauke da ninkin haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S a 2021 da ta R21 a 2023, Kamaru ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024, wasu ƙasashe suka biyo baya. Sau huɗu ake yin ta, ta huɗun a shekara ta biyu, lokacin da iyaye da yawa sun ɗauka an gama. Kafin sabuwar allura ta iso cibiya, a zauna a yi lissafi. A ce ana sa ran yara 50 a wata: sau huɗu ya zama 200. In asara kashi 10 ce, a ninka da 1.11, ya zama 222. A ƙara rubu'i na ko-ta-kwana, 278. In kowace allura da kwalinta na cin mililita 10 na wuri, ana neman kusan lita 3 a kan abin da ke ciki, ban da ruwan haɗin da ake sanyayawa. A gwada wannan da ainihin wurin da kwandunan firji ke ɗauka, wanda ya gaza girman da ake gani daga waje. In bai isa ba, kada a danna kwalaye har su jingina da bango. A nemi a riƙa kawo kaya sau biyu a wata a maimakon sau ɗaya, a kuma rubuta buƙatar ƙarin firji tun kafin ranar ƙaddamarwa.